Horar da Igiyoyin Ƙwaƙwalwa Domin Riƙe Karatu: Ina Matsayin Malami?

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya ɗan daɗe yana riƙe da alli ya san ciwon mantuwa. Sai a koyar da darasi ranar Litinin, yara su amsa tambayoyi baki ɗaya kamar sun haɗiye shi, amma idan Litinin ta zagayo aka sake tambaya, sai aji ya koma kallon-kallo. Kafin jarrabawar ƙarshen zango kuwa, abin da ya saura a kan yawancinsu bai taka kara ya karya ba. Wannan matsala ce ta sa duk wanda ya zo da alkawarin maganin mantuwa ba ya rasa kasuwa, tun daga mai tallar garin ƙarin basira a bakin tasha, har zuwa kamfanonin ƙasashen waje masu tallar na'urori a intanet.

Daga cikin abubuwan da ake tallatawa a wannan zamani akwai horar da igiyoyin ƙwaƙwalwa da na'ura, wanda Turawa ke kira niyurofidbak. Masu tallarsa na cewa idan aka liƙa wa mutum wayoyi a ka, aka nuna masa yadda lantarkin ƙwaƙwalwarsa ke kaɗawa, zai koyi sarrafa shi, daga nan kuma karatu zai riƙa zama daram a kansa. Matsayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, horon yana da tushe a kimiyya, kuma ya cancanci a ci gaba da bincike a kansa, amma hujjar da ake da ita kan cewa yana ƙara riƙo mai dogon zango ba ta kai ƙarfin da za a kashe kuɗin makaranta ko na iyaye, ko lokacin yara, a kansa ba. Akwai hanyoyin da suka fi shi tabbas, kuma suna hannun malami tun tuni.

2.0 Ma'anar Igiyoyin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke isar wa juna saƙo ta hanyar sinadarai da ɗan ƙaramin lantarki. Idan dubban ƙwayoyin nan suka motsa a tare, akan iya jiyo alamar lantarkinsu daga fatar kai. Alamar tana da rauni ƙwarai, domin ƙarfin batirin tocila guda ya ninka ta fiye da sau dubu goma, don haka sai an sa na'ura ta ƙara mata ƙarfi kafin a gan ta.

Wani likita a birnin Libaful na Ingila, Richard Caton, shi ne ya fara ba da rahoton wannan lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai a 1875. A 1924 kuma Hans Berger, likitan masu taɓin hankali a birnin Jena na Jamus, ya auna shi a jikin mutum, ya kuma buga sakamakonsa a 1929. Na'urar da ya fara aiki da ita ce ta zama abin da likitoci ke kira EEG, wadda har yau manyan asibitoci ke amfani da ita wajen binciken farfaɗiya.

Abin da na'urar ke zanawa layi ne mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa, kuma masana sun rarraba shi gwargwadon yawan kaɗawarsa a sakan guda. Igiyar dalta ba ta kai sau 4 ba, kuma ita ce ke rinjaye a barci mai nauyi. Igiyar tita tana tsakanin sau 4 zuwa 8, ana ganinta lokacin gyangyaɗi da kuma lokacin da mutum ke ƙoƙarin riƙe wani abu a zuci. Igiyar alfa tana tsakanin sau 8 zuwa 12, takan bayyana sosai idan mutum ya natsu ya rufe ido. Igiyar bita kuwa tana daga sau 13 zuwa kimanin 30, tana tafiya da farkawa da aikin tunani. Ya kamata a lura cewa dukkan igiyoyin nan suna nan a cakuɗe a kowane lokaci, illa dai wata takan fi wata ƙarfi. Saboda haka kuskure ne a ce akwai igiyar haziƙai da igiyar daƙiƙai.

3.0 Yadda Horon Yake da Tarihinsa

Tsarin horon ba shi da wuyar fahimta. Akan zaunar da mutum gaban kwamfuta, a liƙa masa ƙananan faifan ƙarfe a fatar kai. Na'ura tana auna igiyar da ake so a ƙarfafa. Duk lokacin da igiyar ta haura wani mizani da aka sa, sai a ba shi tukuici nan take: ko ƙararrawa ta yi ƙara, ko hoton da yake kallo ya ƙara haske, ko ya sami maki a wani wasa. Idan igiyar ta sauka, sai tukuicin ya tsaya. Ana fatar cewa yau da gobe ƙwaƙwalwa za ta gano yanayin da ke kawo tukuicin, ta saba da shi. Ɗalibin da ya karanci ilimin halayyar koyo zai gane cewa wannan shi ne koyo ta hanyar sakayya wanda B. F. Skinner ya shahara da shi, sai dai a nan abin da ake saka wa yana cikin kai.

Joe Kamiya na Jami'ar Shikago ne ya fara nuna, a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, cewa mutane na iya koyon gane lokacin da igiyar alfa ta bayyana a kansu, har ma su ƙara ta. A cikin shekarun 1960 ɗin, Barry Sterman na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis ya horar da kyanwoyi su ƙarfafa wata igiya mai kaɗawa sau 12 zuwa 15 a sakan, yana ba su abinci a matsayin tukuici. Daga baya, da hukumomin Amurka suka ba shi aikin gwada illar wani sinadarin man roka mai haddasa farfaɗiya, sai ya lura cewa kyanwoyin da ya horar sun fi sauran juriya. Wannan ya sa aka fara gwada horon a kan masu farfaɗiya a farkon shekarun 1970. A 1976 kuma Joel Lubar na Jami'ar Tennessee ya soma gwada shi a kan yara masu matsalar ƙiriniya da rashin natsuwa. Daga nan ne aka faɗaɗa shi zuwa rashin barci, da fargaba, da kuma batun riƙe karatu.

4.0 Yadda Karatu Ke Zama a Ƙwaƙwalwa

Kafin a yanke hukunci kan horon, sai an san abin da ake son ya gyara. Masana sun bambanta riƙo na gajeren zango, kamar riƙe lambar waya na ɗan lokaci kafin a buga ta, da riƙo mai dogon zango, wanda kan ɗauki kwanaki ko shekaru. Riƙo mai dogon zango yana bin matakai uku: shigar da abu, daidaita zamansa, da kuma ciro shi idan an buƙace shi. Mantuwa na iya faruwa a kowane mataki.

Abin da ya buɗe wa masana ido a wannan fanni shi ne labarin Henry Molaison, wani Ba'amurke da aka yi wa tiyata a 1953 domin rage masa farfaɗiya. An cire masa mafi yawan wani sashe da ke can cikin ƙwaƙwalwa a ɓangarorin biyu, mai suna hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, hankalinsa da maganarsa ba su taɓu ba, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai sake iya ajiye sabon labari na tsawon lokaci ba. Binciken da Brenda Milner ta yi a kansa ya tabbatar da cewa wannan sashe shi ne mashigar riƙo mai dogon zango. A 1973 kuma Timothy Bliss da Terje Lømo suka nuna a kan zomaye cewa idan aka yi ta motsa wata hanyar jijiya a cikin hifokamfus, mahaɗarta takan ƙara ƙarfi, kuma ƙarfin ya daɗe. Ke nan zaman karatu a ka sauyi ne na zahiri da ke faruwa a mahaɗar jijiyoyin da aka yi aiki da su wajen koyon wannan abin takamaimai.

Barci ma yana da babban matsayi. A lokacin barci ƙwaƙwalwa takan maimaita abin da aka koya da rana, kuma akwai wasu gajerun igiyoyi masu kaɗawa kimanin sau 12 zuwa 15 a sakan da ake dangantawa da wannan aiki. Kamancin da ke tsakaninsu da igiyar da Sterman ya horar a kyanwoyi shi ne ya sa wasu manazarta suka yi hasashen cewa horar da igiyar da rana zai inganta barci da dare, ya kuma inganta riƙo. Hasashen yana da ma'ana, saura kawai a gwada a gani.

5.0 Hujjojin Magoya Bayan Horon

Adalci ne a kawo hujjar magoya baya yadda take. A 2003 David Vernon da abokan aikinsa a Kwalejin Imperial ta Landan suka horar da wani ƙaramin rukunin ɗalibai kan igiyar nan mai sau 12 zuwa 15, a zama 8, suka kuma ba da rahoton cewa ɗaliban sun ƙara ƙoƙari wajen tuna kalmomi. A 2008 manazarta a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya suka gwada mutum 27 masu lafiya a zama 10, suka ga cewa waɗanda aka horar sun fi saurin yin barci, gajerun igiyoyin barcinsu sun ƙaru, kuma sun fi tuna kalmomin da aka haɗa musu bibbiyu. A 2017 wasu manazarta a Isra'ila suka ba da rahoton cewa zama ɗaya na horar da igiyar tita jim kaɗan bayan koyo ya taimaka wa mutane tuna hotunan da aka nuna musu, har bayan mako guda.

Waɗannan bincike-bincike masana na gaskiya ne suka yi su, an kuma buga su a mujallun ilimi. Sun isa su nuna cewa batun ya wuce tatsuniya. Bugu da ƙari, horon ba ya buƙatar shan magani ko tiyata, kuma na'urar ba ta zuba wa mutum lantarki a ka, saurare kawai take yi. Illolin da aka fi ambata ba su wuce gajiya da ciwon kai na ɗan lokaci ba.

6.0 Inda Hujjojin Suka Yi Rauni

Rauni na farko shi ne ƙarancin mutanen da ake gwadawa. Binciken da aka yi da mutum ashirin ko talatin, aka kuma raba su gida biyu ko uku, sakamakonsa na iya zama dace kawai. Malamin da ya taɓa koyar da aji biyu darasi ɗaya ya san cewa makinsu kan bambanta ko da bai sauya komai ba.

Rauni na biyu ya fi girma. Mutumin da ke zuwa ɗakin bincike sau goma, ana liƙa masa wayoyi, ƙwararru na kula da shi suna ƙarfafa masa guiwa, zai sa rai da samun sauƙi, kuma sa rai kaɗai kan sauya ƙoƙarin mutum. Hanyar tantancewa ita ce a haɗa da horon jabu: a zaunar da wasu mutane gaban na'ura iri ɗaya, amma tukuicin da suke samu ba shi da alaƙa da igiyar da ake nufi, kuma a ɓoye wa masu horon da waɗanda ake horarwa wane ne ke samun na gaske. Manazartan Salzburg ɗin nan da kansu, ƙarƙashin Manuel Schabus, sun yi irin wannan gwaji a kan masu fama da rashin barci, suka buga sakamakonsa a 2017. Masu horon gaske da masu na jabu duk sun ce sun sami sauƙi daidai wa daida, amma awon da na'ura ta yi wa barcinsu bai nuna ingantuwa ba. Manazartan suka danganta sauƙin da kulawa da amincewar da marasa lafiyar suka samu. Abin yabo ne a ce ɗakin binciken da ya fitar da sakamako mai daɗi a 2008 shi ne ya sake gwaji mai tsauri, ya kuma faɗi abin da ya gani.

Haka abin ya kasance a 2021, lokacin da aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan yara sama da 140 masu matsalar rashin natsuwa, inda aka tsara wa kowane yaro zama 38. Duka rukunonin biyu sun sami ci gaba, amma a babban ma'aunin da aka sa gaba, horon gaske bai fi na jabu ba. Tun kafin wannan, Robert Thibault da Amir Raz na Jami'ar McGill ta Kanada sun yi ta jan hankali cewa mafi yawan amfanin da ake gani daga sa rai yake zuwa. A 2020 manazarta fiye da 80, cikinsu har da magoya bayan horon, suka haɗu suka fitar da ƙa'idojin da ya kamata kowane bincike ya cika, wanda hakan amincewa ce cewa ayyukan baya da yawa ba su cika su ba.

Rauni na uku ya shafi na'urar kanta. Hifokamfus yana can ƙurya ne, alhali faifan da ke kan fata sun fi jin lantarkin saman ƙwaƙwalwa. Har wa yau, ƙifta ido, da ɗaure fuska, da cije haƙora duk suna fitar da lantarkin da ya fi na ƙwaƙwalwa ƙarfi. Na'urorin araha da ake ɗaurawa a goshi, masu faifai ƙalilan, sun fi faɗawa wannan tarko, ta yadda yaro zai iya koyon motsa tsokar goshinsa ya tara maki, a zaci ƙwaƙwalwarsa ce ta horu. Daɗin daɗawa, a gwaje-gwaje da yawa akan sami kaso mai tsoka na mutane da ba sa iya sauya igiyar ko kaɗan, kome yawan zaman da suka yi.

Rauni na huɗu shi ne wanda ya fi shafar malami. Tuna jerin kalmomi bayan awa ɗaya ko mako ɗaya a ɗakin bincike daban yake da riƙe ƙa'idojin nahawu, ko jadawalin lissafi, ko tarihin Daular Sakkwato daga zangon farko zuwa na uku. Wannan na biyun shi ne abin da iyaye ke nufi idan sun ce yaro yana riƙe karatu, kuma shi ne mizanin da ya kamata a ɗora kowace na'ura a kai.

7.0 Darasi Daga Kasuwa

A 2016 kamfanin da ke sayar da wasannin motsa ƙwaƙwalwa na Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 ga hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka, saboda tallace-tallacen da ya yi cewa wasanninsa na ƙara ƙoƙari a makaranta da wurin aiki, ba tare da isasshiyar hujja ba. Wasannin ba horon igiyoyi ba ne, amma salon tallar ɗaya ne: a ɗauki ɗan ƙaramin sakamakon ɗakin bincike, a hura shi ya zama alkawari.

A 2019 kuma labari ya bazu cewa wata makarantar firamare a birnin Jinhua na ƙasar Sin tana ɗaura wa yara na'urorin kamfanin BrainCo a goshi lokacin darasi. Na'urar tana da ƴar fitila mai sauya launi gwargwadon abin da ta ɗauka natsuwa ce, tana kuma aika makin kowane yaro zuwa kwamfutar malami. Jama'a suka yi ca, masana suka nuna shakku kan ingancin awon, kuma kafin ƙarshen shekarar hukumomin yankin suka dakatar da shirin. Abin lura a nan shi ne, yaron da na'ura ta yi wa tambarin rashin natsuwa bisa kuskure zai sha faɗa a makaranta da gida a kan laifin da bai yi ba. Akwai kuma tambayar inda bayanan ƙwaƙwalwar yaran ke tafiya. Ƙasar Chile ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2021 domin kare irin waɗannan bayanai. A Nijeriya ma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro.

Sai kuma lissafin lokaci. Masu ba da horon kan tsara zama 30 zuwa 40, kowanne kimanin rabin awa ko fiye. Zama 40 na rabin awa awa 20 ke nan ga yaro ɗaya. A aji mai yara 60, na'ura ɗaya za ta buƙaci awa 1,200. Idan ana karatu awa 5 a rana, kwana 5 a mako, mako 39 a shekara, shekarar karatu gaba ɗaya awa 975 ce. Wannan ban da kuɗin na'ura, da albashin ƙwararren da zai kula da ita, da wutar lantarki. Makarantar da ba ta gama wadata yaranta da kujeru da littattafai ba, ba ta da dalilin shiga wannan ɗawainiya.

8.0 Hanyoyin da Bincike Ya Tabbatar

Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya auna saurin mantuwa a kan kansa. Ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya riƙa auna sauƙin da yake samu wajen sake haddace su bayan wani lokaci. Bayan minti 20 abin da ya saura kashi 58 ne cikin ɗari, bayan awa ɗaya kashi 44, bayan kwana ɗaya kimanin kashi 34, bayan wata ɗaya kashi 21. Wato mafi yawan asarar a farko take faruwa. Ya kuma gano cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya amfani. Bahaushe ya riga ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗalibin da ke kwana karatu daren jarrabawa yana iya cin jarrabawar, amma karatun ba zai bi shi zuwa aji na gaba ba.

Hanya ta biyu ita ce gwada kai. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ba ɗalibai wani rubutu. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita karanta shi a zama huɗu. Wani rukunin ya karanta a zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar, ya rubuta abin da ya tuna har sau uku. Bayan minti 5 masu maimaita karatu ne a gaba, da kashi 83 a kan kashi 71. Bayan mako ɗaya kuwa sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu suka sauka zuwa kashi 40, masu gwada kai suka tsaya a kashi 61. Abin mamaki, masu maimaita karatun su ne suka fi tabbacin cewa za su tuna. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka yi nazarin dabarun karatu guda 10, suka sa gwada kai da rarraba bita a matsayi mafi girma, suka kuma sa ja wa rubutu layi da maimaita karantawa a cikin masu ƙarancin amfani.

Hanya ta uku ita ce ƙulla sabon abu da wanda aka riga aka sani. A 2017 Martin Dresler da abokan aikinsa suka koyar da mutanen da ba su da wata baiwa ta musamman tsohuwar dabarar nan ta ajiye abubuwa a zuci a wuraren da mutum ya sani, kamar ɗakunan gidansu. Bayan kwana 40 na atisayen rabin awa a kullum, matsakaicin abin da suke tunawa daga kalmomi 72 ya tashi daga 26 zuwa 62, kuma bayan wata huɗu ribar ba ta gushe ba. Hanya ta huɗu kuwa barci ce. Tun a 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach na Jami'ar Cornell suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi wanda ya zauna a farke riƙe ta.

Waɗannan hanyoyi ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. A tsangaya almajiri yana rubuta ɗan abin da zai iya ɗauka a allo, ya yi ta karanta shi, sannan ya je gaban malam ya biya da ka kafin a ba shi izinin wanke allo. Bayan haka kuma ba a barin abin da aka wuce, domin tilawa tana zagayowa kansa a kai a kai. Alaramma ba ya samun wannan suna sai ya haddace Alƙur'ani, ya kuma rubuta shi da ka. Idan aka duba da kyau, biyawa da ka gwada kai ce, tilawa kuma rarraba bita ce. Malamin makarantar boko na iya aron wannan tsari, ya haɗa shi da bayanin ma'ana da aiki da abin da aka koya, domin darussan kimiyya da lissafi da harshe suna buƙatar fahimta tare da riƙo.

9.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Malami

Malamin da ke son ɗalibansa su riƙe karatu zai iya fara kowane darasi da minti biyar na tambayoyi, littattafai a rufe: biyu daga darasin jiya, biyu daga na makon jiya, ɗaya daga na watan jiya. Kada a mai da tambayoyin abin tsoro ko na bulala, kuma a faɗi amsa daidai nan take domin kuskure kada ya zauna. Wajen tsara manhajar zango, ya ware wa kowane babban batu ranakun da za a waiwaye shi. Ya koya wa yara su rufe littafi su faɗi ko su rubuta abin da suka tuna, su kuma riƙa yi wa juna tambayoyi. Ya tattauna da iyaye kan barcin yara, musamman waɗanda ke raba dare a kan waya ko a wajen talla. Yaron da ke yawan mantuwa kuma a binciki ko yana zuwa da yunwa, ko yana fama da zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini, ko kuwa ba ya ji ko gani sosai daga inda yake zaune. Wanda ke ɗaukewa na ƴan sakanni yana zare ido ba tare da ya sani ba, a shawarci iyayensa su kai shi asibiti, domin akwai nau'in farfaɗiya mai wannan alama, kuma a nan ne na'urar EEG ke da aiki na haƙiƙa a hannun likita.

Idan kuwa wani ya zo makaranta da tallar na'urar horar da ƙwaƙwalwa, malami ya tambaye shi: mutum nawa aka gwada? An kwatanta da horon jabu? Wane ne ya biya kuɗin binciken? Darasin makaranta aka auna, ko wasan da ke cikin na'urar? Bayan wata nawa aka sake aunawa? Ina bayanan yara za su tafi? Mai kaya na gari ba ya gudun waɗannan tambayoyi.

10.0 Kammalawa

Horar da igiyoyin ƙwaƙwalwa fage ne da masana ke ci gaba da aiki a cikinsa, kuma mai yiwuwa ne nan gaba a tace shi har ya amfani wasu rukunin marasa lafiya, ko ma ɗalibai. Idan manyan gwaje-gwaje masu horon jabu suka nuna cewa yana ƙara riƙon darasi na watanni, wajibi ne malamai su karɓe shi hannu bibbiyu. A halin da ake ciki dai, hujjojin da ke goyon bayansa ƙanana ne, kuma manyan gwaje-gwajen da aka tsaurara ba su fifita shi a kan na jabu ba, alhali rarraba bita, da gwada kai, da ƙulla ma'ana, da isasshen barci sun jure gwaji na shekaru masu yawa, ba sa kuma buƙatar abin da ya wuce allo da alli da kyakkyawan shiri. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Malamin da ya fita daga kwaleji da wannan sani zai kare aljihun iyaye da mutuncin yara, kuma ɗalibansa za su isa aji na gaba da karatun da ya koya musu.